Sipadan: Tsibirin da Kunkuru Ya Yi wa Shaida a Kotu

A gabashin jihar Sabah ta ƙasar Malesiya akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Sipadan, wanda masu nutso daga ko'ina a duniya ke rububin zuwa. Tsibirin ya taso ne daga ƙasan teku mai zurfin kusan mita 600, a kan tsohon dutse mai aman wuta da murjani ya lulluɓe. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo baƙi shi ne kunkurun teku, wanda ke kiwo da hutawa a tsakanin duwatsun murjanin.

Hanya biyu ake bi a kalli kunkurun teku. Wasu kan kwanta a saman ruwa da gilashi a fuska, suna numfashi ta wani gajeren bututu. Wasu kuma kan goya tulun iska su nitse can ƙasa. Mai nutso sai ya koyi ƙa'ida, domin a zurfin mita 10 kacal matsin da ke kan jiki ya ninka na doron ƙasa. Idan ya yi gaggawar tasowa, iskar naitirojin da ta narke a jininsa kan yi kumfa, abin da kan kai ga shanyewar jiki ko ma rasa rai.

Shi ma kunkurun ba kifi ba ne, da huhu yake numfashi. In yana hutawa yakan yi sa'o'i bai leƙo sama ba, amma in aka fafare shi ko aka riƙe shi, iskar jikinsa kan ƙare cikin mintuna. A Sipadan akwai wani kogo a ƙarƙashin ruwa mai ɗauke da ƙasusuwan kunkuran da suka shiga suka kasa gane hanyar fita. Shi ya sa masu jagorantar baƙi ke nanata cewa ido ne naka, ba hannu ba.

Amfanin kunkurun ga wurin ba kaɗan ba ne. Koren kunkuru na dattse ciyawar teku ta riƙa sabon toho, shi kuwa kunkuru mai baki irin na shaho yana cinye soson teku da ke gasar wuri da murjani.

Har a shari'a ya yi rana. Da Malesiya da Indunusiya suka yi jayayya kan tsibirin, Kotun Duniya ta ba Malesiya gaskiya a 2002. Cikin hujjojin da ta dogara da su har da dokar 1917, wadda Turawan mulkin mallaka na Arewacin Borniyo, wato Sabah ta yanzu, suka kafa don tsara ɗibar ƙwan kunkuru. Daga nan gwamnatin Malesiya ta umarci masu otal su kwashe nasu ya nasu daga tsibirin kafin ƙarshen 2004, ta kuma ƙayyade adadin masu nutso a kowace rana.

Darasin a fili yake: ƙasar da ta kula da dabbobinta, ita ke cin moriyarsu.