Tukunyar tururi: Kulawar da ke tsawaita kwananta, da sakacin da ke kashe ta

Duk shekara idan kakar tumatir ta kama, manoman rani na yankin Ƙaraye da Rogo, ciki har da na Yammedi, kan kwashi kayansu zuwa kasuwa a lokacin da farashi ya fi faɗuwa. Madatsar ruwan Challawa, wadda aka kammala a 1992, ta sauƙaƙa noman, amma adana amfanin ya kasance da wuya. Duk ɗan kasuwar da ke son dafa tumatir ya mayar da shi na gwangwani ko na leda zai buƙaci tukunyar tururi, irin wadda manyan otal-otal da asibitoci ke girki da ita. Kaya ce mai tsada, kuma galibi sakaci ne ke kashe ta tun kafin ta tsufa.

Bango biyu gare ta. Abinci na cikin na ciki, tururi kuma na zagayawa a tsakanin bangayen. Ruwa na tafasa a digiri 100 a buɗaɗɗiyar tukunya, amma tururin da aka matse yakan wuce digiri 120. Zafin na shiga ta ƙasa da gefe a lokaci guda, shi ya sa miya ke dahuwa da sauri ba tare da yawan ƙanzo ba.

Kulawar farko ita ce wanki a kullum. Da zarar an juye abinci, a kashe ta, a jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, a wanke da buroshi mai laushi. Soson ƙarfe da bilic suna lalata fatar ƙarfen, su bar ƙananan ramuka inda tsatsa ke farawa. Gishiri ma haka yake yi idan ya kwanta a ƙasa, don haka sai ruwa ya tafasa ake zuba shi. Famfon da ake tsiyaye miya ta cikinsa kuwa, a kwance shi a wanke kowane yanki, domin nan ne ragowar abinci ke maƙalewa ta ruɓe.

Ta biyu ita ce ruwan da ke tsakanin bangayen. A tukunyar da ke haɗa tururinta da kanta, akwai ɗan gilashin da ke nuna yawansa, kuma ya kamata a duba shi kowace safiya. Idan ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa tare da maganin tsatsar da kamfanin ya ayyana. Ruwan rijiya ko na burtsatse yakan bar farin ɓawo kamar alli a jikin ƙarfe, wanda ke tare zafi, ya ƙara cin gas ko lantarki, daga bisani ya ƙona abin da ke ɗumama ruwan.

Ta uku ita ce iska. Idan tukunyar ta huce, allurar ma'aunin matsi kan koma ƙasa da sifili. In ta tsaya a kan sifili, iska ta shiga, kuma girki zai riƙa jan lokaci har sai an fitar da ita.

Mafi muhimmanci shi ne bawul ɗin kariya, wanda ke buɗewa da kansa idan matsi ya wuce ƙima. A gwada shi aƙalla sau ɗaya a wata: a ɗaga hannunsa na 'yan daƙiƙoƙi yayin da tukunyar ke da zafi, fuska da hannu na nesa da bakin tururin. Idan ya cije ko yana ɗiga, sauya shi ake yi. Ɗaure shi da waya ko toshe shi tamkar ajiye bam ne a ɗakin girki. Inda kuma tururin ke fitowa daga wata tukunyar daban, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai ita kawo sufeto mai lasisi ya bincika ta aƙalla sau ɗaya cikin wata 14.

Saura giris a inda tukunyar ke karkatawa, da littafin da za a riƙa rubuta ranar kowane gwaji. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Damina, lokacin da tumatir ya yi ƙaranci, ita ce lokacin kiran makaniki, domin tukunyar da ta tsaya a tsakiyar kaka kwandunan tumatir ne za su ruɓe a bakin ƙofa.