Labarin Wata Biyu a Daren 27 ga Agusta

Duk shekara idan Agusta ya kama, sai wani tsohon saƙo ya sake bazuwa a WhatsApp da Facebook, wai a daren 27 ga wata duniyar Mirrihu, wadda 'yan boko ke kira Mars, za ta matso har ta kai girman farin wata a ido, jama'a su ga wata biyu a sama. Kuma abin takaici, cikin masu tura shi har da malaman makaranta waɗanda ya kamata a ce su ne ke kashe irin wannan jita-jita.

Maganar tana da asali. A ranar 27 ga Agusta 2003 Mirrihu ta kusanci duniyarmu har tazarar ta ragu zuwa kilomita miliyan 56, kusancin da rabon da a yi irinsa kusan shekara 60,000 ke nan. Saƙon farko kuwa cewa ya yi wanda ya leƙa ta madubin hangen nesa mai ƙara girma sau 75 zai gan ta kamar yadda ido ke ganin wata. Sharaɗin madubin ne ya faɗi a hanya, kamar yadda isnadi ke faɗuwa daga bakin mai ruwaya marar kula.

Hisabin ba shi da wuya. Faɗin Mirrihu ya ninka na wata kusan sau biyu, alhali wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000. Saboda haka kafin ta yi daidai da shi a ido, lalle sai ta zo wajen kilomita 750,000, ita kuwa ko a ranar da ta fi kusa ta ninka wannan nisa fiye da sau 70.

A da, wannan hujja sai wanda ya sha karatun falaki ke iya kawo ta, amma yanzu akwai manhajar Stellarium, wadda wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara a 2001, kuma kyauta ake sa ta a kwamfuta. Yaro ya zaɓi garinsu, Kano ko Damagaram, ya mai da agogon manhajar baya zuwa wancan dare na 2003, sai ga Mirrihu jan ɗigo mai haske, ba ƙari. Ya matso da hoton ya ga 'yan watanninta biyu, Fobos da Daimos, da Asaph Hall ya gano a 1877. In ya juya kan duniyar Mushtari ya hanzarta lokaci, sai manyan watanninta huɗu da Galileo ya hango a 1610 su riƙa kewaya ta a gabansa, wannan ya ɓuya, wancan ya ɓullo.

Bayan an sa manhajar ba ta bukatar intanet, amma a makarantu da dama kwamfutocin da hukuma ta raba suna kulle a ɗaki an lulluɓe su da zane, ana jiran ranar da manyan baƙi za su zo dubawa.