AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Yaya Ake Yanka Fallen Ƙarfe Don Gyaran Tsohuwar Mota?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kaduna. Ya ce ya gaji Fijo 504 daga mahaifinsa, yana son ya tashe ta da hannunsa don sha'awa, amma tsatsa ta cinye daɓen motar da gindin ƙofofi. Shin yaya masu wannan sha'awa a Turai da Amurka suke yanka ƙarfen da suke ƙari da shi, kuma shi ma zai iya?

To Malam, mun gode da takardarka. Za ka iya mana, amma da sharaɗi.

Abu na farko shi ne kaurin ƙarfen. Jikin ƙaramar mota ba ya cika wuce milimita 1 ba, sau da yawa ma bai kai ba. Masu sayar da ƙarfe da geji suke ƙirgawa, kuma abin a juye yake: in lamba ta hau, ƙarfe ya ƙara siranta. Geji 18 kusan milimita 1.2 ke nan, geji 20 kuwa kusan 0.9. Ka yanko ɗan guntu daga inda bai ruɓe ba, ka tafi da shi Panteka a gwada. In ka haɗa mai kauri da siriri, wajen walda siririn zai huje tun ɗaya bai narke ba.

Kada ka taɓa ƙarfe tukuna. Nemi kwali, ka ɗora a kan ramin, ka zana, ka yanka da almakashi har ya zauna daram, sannan ka kwafa a kan fallen. Su ma Turawan da ka tambaya, da kwali suke farawa. Inda za a lanƙwasa, ka bar rara kaɗan, don lanƙwasa tana canza tsawo. Ragewa da magagari abu ne mai sauƙi, amma wanda ya gaza sai dai a yar.

Kayan yanka kuma, almakashin ƙarfe ya isa ga siririn falle. Akwai irin da ake sa wa launi a mariƙi: ja yana karkata hagu, kore dama, rawaya miƙe. Giranda mai siririn faifai ta fi sauri, sai dai tana zafafa ƙarfe. Wutar gas ta masu walda kuwa, ba mu ba ka shawararta ba. Ƙarfe mai kauri ta dace da shi. Siriri sai ta murɗe shi, ka kwana kana bugu da guduma bai miƙe ba.

A ƙasashen waje, wanda yake son yanka mai tsabta yakan zana abin a kwamfuta, ya aika wa kamfani, na'ura ta yanka a aiko masa. Hanyoyi uku ne. Akwai filasma, wadda aka ƙirƙiro a Amurka cikin shekarun 1950: iska ce ake hurowa ta cikin wutar lantarki, zafinta ya haura digiri 20,000, ta narka ƙarfen ta ture shi. Akwai hasken leza, wanda Peter Houldcroft ya gwada yanka ƙarfe da shi a Ingila a 1967, kuma bakin yankansa ya fi na filasma kyau. Ta uku ita ce mai ban mamaki, ruwa ne gauraye da yashi mai kaifi ake harbowa da matsanancin ƙarfi, ya ratsa ƙarfe ba tare da ya yi zafi ba. Amma gaskiyar magana, don facin daɓe guda biyu ko uku, kuɗin na'ura asara ce. Amfaninta sai in abu ɗaya kake so da yawa, ko mai ramukan ƙusa da dole su dace da juna.

Yanzu ga sharaɗin, ka saurara da kyau. Kada tartsatsi ya kusanci tankin mai, ko da babu ɗigo a ciki. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke fashewa. A cire shi gaba ɗaya, a cire batir, a ɗebe kujeru da kafet. Ka sa tabarau da safar hannu, kada kuma ka cire murfin giranda kamar yadda wasu ke yi, faifan yakan tarwatse. Fallen da aka shafa wa tutiya, irin na kwanon rufi, hayaƙinsa a wajen walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, saboda haka a goge tutiyar daga bakin, a yi aikin a fili.

Sannan ba ko'ina ake wa faci ba. Daɓe da fatar ƙofa, wannan naka ne. Amma inda sifirin ya kama, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da inda aka ɗaure bel ɗin kujera, su ke riƙe da motar ranar hatsari. In tsatsa ta kai nan, kai wa gwanin fanal-bita ya duba. Bayan an gama walda, a shafa fentin hana tsatsa ciki da waje tun ranar, don sabon yanka ba ya jimawa da damina.