Kar A Jira Suna Kafin Rigakafin Jariri



Da yawanmu sai an yi suna, wasu ma sai arba'in, kafin a kai jariri rigakafi. To, akwai allurar da ba ta son jinkiri: ta ciwon hanta. An fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, domin jariri na iya ɗaukar cutar daga mahaifiyarsa, ita kanta ba ta san tana da ita ba. Tare da ita ake yin ta tarin fuka da ɗigon shan inna.

Ko a gida aka haihu, maigida, kai ko kakar yaro ku kai shi asibiti ranar.

Sai a koma a sati 6, 10 da 14, sannan wata 9 don ƙyanda da shawara. A asibitin gwamnati kyauta ne. Ɗan zazzaɓi bayan allura yakan wuce. In an makara, kar a fasa zuwa, kuma a adana katin.

Addu'a muna yi, rigakafi kuma sababi ne. Lafiya daga Allah take.

Allah Ya raya mana zuri'a.