Matsayin Ido Wajen Kyautata Waldar MIG

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa kyan walda daga ido yake farawa, hannu kuwa bin sawu yake yi. Waldar MIG ita ce wadda waya ke fitowa da kanta daga bakin bindigar walda, iskar gas kuma tana lulluɓe narkakken ƙarfen don kada iskar sarari ta ɓata shi. An ƙirƙiro ta a Amurka a 1948 saboda aikin alminiyam, sa'an nan a 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka yi amfani da gas ɗin kabon dayoksaid, abin da ya sauƙaƙa waldar baƙin ƙarfe.

2.0 Abin da Ya Kamata a Kalla

Sabon shiga yakan zuba wa hasken wuta ido. Gwani kuwa ɗan narkakken ƙarfen da ke ƙarƙashin hasken yake kallo, wanda a nan za mu kira kududdufi. Faɗinsa shi ne faɗin ɗinkin da za a samu. In ya tsuke, an cika sauri ke nan. In ya bazu, an yi nawa, ƙarfen na iya hujewa. Wanda bai ga kududdufi ba, ɗinkinsa kan kauce wa mahaɗa, ya yi kyau a ido, amma ya ɓalle ranar da aka ɗora masa kaya.

3.0 Gyaran Gani

Baƙin gilashin hular walda yana da lamba. A waldar MIG akan yi amfani da 10 zuwa 13, gwargwadon ƙarfin wuta. Ƙa'ida ita ce a fara da mai duhu, a riƙa sassautawa har kududdufi ya bayyana, amma kada a sauka ƙasa da 10, domin hasken yana ƙona ido. Farin gilashin da ke kare baƙin kuma tartsatsi da hayaƙi kan dushe shi, sai a riƙa sauya shi. Har ila yau, hasken da ke shigowa ta bayan hula yakan sa mutum ya riƙa ganin fuskarsa a gilashi. Ƙyallen da ba ya kama wuta zai tare shi. Wanda ya haura shekara 40, ganin kusa ya fara yi masa wuya, sai ya sa gilashin ƙara girma a cikin hular.

4.0 Riƙon Bindiga

A riƙe bindiga da hannu biyu, a karkata ta kamar digiri 10 zuwa 15, a kawar da kai gefe don kada bakinta ya tare gani. Wayar da ta leƙo kada ta wuce misalin milimita 10. Tura bindiga gaba yakan buɗe wa mutum mahaɗa, ya ba da shimfiɗaɗɗen ɗinki. Janyo ta baya kuwa ya fi ratsa ƙarfe. Daɗin daɗawa, a kankare tsatsa da fenti, a kuma kare wurin daga iska, musamman ta hunturu, don takan kore gas ɗin, ɗinki ya cika da ƙananan ramuka.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba malaman kwalejojin fasaha shawara su duba hular ɗalibi da tsayuwarsa kafin su taɓa maɓallan inji. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa inji, na dusasshen gilashi ne.