Kasuwar Obor, Mashigar Ƙauye Cikin Birnin Bukarest

Kasuwar Obor tana arewa maso gabashin tsakiyar Bukarest, babban birnin ƙasar Romaniya, a gunduma ta biyu daga cikin gundumomi shida da aka kasa birnin, kuma ita ce mafi girma da shahara a kasuwannin kayan abinci na wannan gari mai mutane kimanin miliyan 1.7. Baƙon da ya sauka Bukarest akan fara kai shi Fadar Majalisa, makeken ginin da aka soma a 1984 bisa umarnin shugaban gwamnatin kwaminisanci na lokacin, Nicolae Ceaușescu, daga nan a zaga da shi tsohuwar unguwar Lipscani, wadda ta samo sunanta daga fataken da suke sayo haja a birnin Leipzig na Jamus, kuma har yau a unguwar akwai titin masu sirdi da titin maƙera. Sai dai sana'o'in nan sun daɗe da tashi, gidajen cin abinci da mashaya suka gaje rumfunansu, saboda haka wanda yake son ganin yadda mutanen birnin suke cefane da ciniki a yau, Obor ce wurin zuwansa.

Kalmar obor a harshen Romaniyanci tana nufin shingen da ake tsare dabbobi a ciki, kuma sunan ya nuna asalin wurin, domin kara ce tun farko, wato kasuwar shanu da dawakai da itace da ciyawa wadda take ci sau biyu a mako a bayan gari, har ana kiranta Târgul de Afară, ma'ana kasuwar waje. A ƙarni na 18 a nan ake rataye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, saboda wuri ne da jama'a suke taruwa. A nan kuma ake cin Târgul Moșilor, babbar kasuwar shekara-shekara da take faɗowa daidai lokacin da Kiristoci mabiya cocin Otodoks suke tunawa da magabatansu da suka rasu, suna raba abinci da kwanukan yumɓu sadaka, kuma babban titin da ya taso daga tsakiyar gari zuwa kasuwar har yanzu sunansa Calea Moșilor. Da birnin ya bunƙasa ya haɗiye filin, sai hukuma ta nemi ta shigar da cinikin cikin gini. Masu zanen gine-gine biyu, Horia Creangă da Haralamb Georgescu, su suka zana babban zauren da aka fara a ƙarshen shekarun 1930, wanda ba a kammala ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 2010 aka buɗe sabon gini mai hawa a gurbin tsofaffin rumfunan fili.

Abin da ya fi bambanta Obor da manyan kantunan zamani shi ne kayanta suna bin yanayin shekara sau da ƙafa, ta yadda mai lura zai iya faɗin watan da ake ciki daga kallon tebura kawai. Da sanyi ya ja baya, tsofaffin mata daga ƙauyukan kewaye sukan zo da ganyayen daji ɗauri-ɗauri, irin su leurdă mai ƙanshin tafarnuwa, kuma gab da bikin Ista naman ɗan rago yake cika ɓangaren mahauta. Tsakiyar shekara ta tumatir ce da kankana, musamman kankanar Dăbuleni, wani gari mai ƙasar rairayi a kudancin ƙasar, wanda sunansa kaɗai yakan ƙara wa kaya daraja. Amma kakar kasuwar ta ainihi ita ce watannin Satumba da Oktoba, lokacin da iyalai suke sayen tattasai da babban gauta mai launin shuɗi-baƙi da kabeji buhu-buhu domin tanadin hunturu. Da gautan da tattasan ake yin zacuscă, wani haɗi da ake gasawa a niƙa a dafa da albasa da mai a ɗura a kwalabe, kabejin kuwa akan jiƙa shi ɗungurungum a ganga da ruwan gishiri har ya yi tsami, sannan a naɗe niƙaƙƙen nama da shinkafa a ganyensa a dafa, abincin da ake kira sarmale, wanda ba a bikin Kirsimeti ko na aure sai da shi. Wannan ɗabi'a ta tanadi ta girmi zamanin kwaminisanci nesa ba kusa ba, amma ƙarancin abincin shekarun 1980, lokacin da gwamnati ta riƙa fitar da amfanin gona waje domin biyan bashi, jama'a suna kwana a layi, ya ƙara dasa ta a zukatan waɗanda suka rayu a lokacin.

Ɓangaren nono da cuku ya cancanci a daɗe a cikinsa. Akwai telemea, farin cukun da ake ajiyewa cikin ruwan gishiri, na saniya ko na tunkiya ko na akuya, akwai kuma brânză de burduf na makiyayan tsaunukan Karpat, wanda ake cusawa cikin salkar tunkiya ko cikin ɓawon itace har ya ɗauki ƙanshinsa. Al'ada ce mai sayarwa ta yanko ɗan guntu a bakin wuƙa ta miƙa wa mai saye ya ɗanɗana kafin a yi maganar kuɗi. Kusa da nan ake samun zuma, da garin masara da ake tuƙa mămăligă da shi, wanda kusan tuwon masara ne sak, da borș, ruwan tsamin da ake samu daga jiƙaƙƙiyar dusar alkama ana zuba wa miya.

Tsarin cinikin kansa bai cika ɗaukar dogon tayi ba, domin kusan komai da kilo ake aunawa a sikeli, farashin kuma yana rubuce a jikin kwali da kuɗin ƙasar, leu, tunda Romaniya ba ta koma kuɗin yuro ba duk da shigarta Tarayyar Turai a 2007. Ragi yakan samu ne ga mai sayen buhu, ko da yamma idan kaya sun fara laushi. Babbar gardamar kasuwar ita ce wane ne ya noma abin da ke kan tebur. Doka ta tanadi takardar shaida ga manomin da yake sayar da amfanin gonarsa, amma masu saye suna yawan kokawa da samsar, wato ɗan tsakiya mai sarowa a babbar kasuwar sari ya zo ya zauna kamar manomi, kuma kalmar ta shigo Romaniyanci ta hannun Turkawan Daular Usmaniyya, kamar yadda Hausa ta ari dillali daga Larabci. Shi ya sa ake rubuta românești, ma'ana na gida, a kan tumatir domin a raba shi da na Turkiyya da Girka, ko da yake rubutun kwali ba hujja ba ce, kuma tsofaffin masu cefane sun fi dogara da fuskar da suka saba da ita shekara da shekaru. A nan ne ƙarfin Obor yake a gaban manyan kantunan zamani irin su Lidl da Kaufland da Mega Image, waɗanda sau da yawa sukan fi ta araha da sauƙin shiga.

A wajen zauren akwai rumfunan gashi inda layi ba ya yankewa, ana sayar da mici, niƙaƙƙen nama da aka cuɗa da tafarnuwa da kayan yaji da ɗan garin soda mai aiki irin na kanwa, aka mulmula kamar yatsa aka gasa a garwashi, ana ci da burodi. Musulmi ya kamata ya yi tambaya kafin ya saya, domin sau da yawa ana haɗa naman da na alade. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin M1 yana da tasha mai suna Obor dab da kasuwar, kuma wanda ya je da hantsi cikin watan Oktoba zai tarar da ita a cike maƙil.