Shin Ko Kun San? Daga Tiyon Lambu Zuwa Randar Inna

Ku leƙa Limawa da sanyin safiya a watan Afrilu. Duwatsun Dutse ba su ɗau zafi ba tukuna, 'yan garuwa sun fito da kurarsu, jarkoki na ta ƙwalam-ƙwalam a lungu. A kowane gida baki biyu ne ke jiran ruwan nan: na mutum da na shuka. Abin mamakin, ruwan duka biyun ta 'yan ƙananan ƙofofi yake bi, wasunsu ma ido ba ya ganin su. Ku gyara zama!

Shin ko kun san ciyawar ado ta fi mutum goma shan ruwa? Ku auna fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. A tsakiyar bazara, rana da iska kan ɗebe ruwan da ya kai milimita 6 zuwa 7 daga kansa kullum. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lita guda ke nan cur. Jimla: lita 600 zuwa 700 a yini! Jarka mai lita 25 har guda 24 ko fiye. Mutum ɗaya kuwa lita 50 kan ishe shi sha da girki da wanka da wanki. Ashe ɗan koren filin nan gida guda ne da iyalinsa!

To, ku ji ta Amurka. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a 2005 ya nuna babu amfanin gonar da ake yi wa ban ruwa a ƙasar da ya kai ciyawar ado cin fili. Ko masara ba ta kamo ƙafarta ba! In an haɗe filayen wuri guda, sun ninka faɗin Jigawa fiye da sau biyar. Ba a ci, ba a kai wa akuya. Abin ya ishi jihar Nevada, har a 2021 ta yi dokar tumɓuke ciyawar da ba a komai a kanta sai kallo a yankin Las Vegas.

Ga wata kuma! Ciyawar da ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo na ƙasashe masu zafi, kun san 'yar gida ce? Kiri-kiri! Ita dai wadda manomi ke nomewa yana tsaki. In ta rasa ruwa sai ta bushe ta yi lamɓo, a zaci ta mutu. Ruwan farko na sauka, ta farka.

Kun san gwangwanin tumatir ma'auni ne? Ku jera fanko biyar ko shida a cikin fili, ku kunna abin fesa ruwa na minti 15, sannan ku leƙa. Wannan ya kusa rabi, wancan ko gindinsa bai jiƙe ba? To, wani kan famfo ya toshe ko ya karkace. Lokacin ban ruwa kuma asuba ne ko bayan la'asar sakaliya. Wanda ya ba da ruwa da azahar, rana ya shayar. Kafin ku buɗe tiyo, ku cusa yatsa cikin ƙasa. Da danshi? A bari sai gobe.

Ɗis... ɗis... ɗis. Kun raina ta? Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da ɗigo 86,400 a kwana guda. Kusan jarka ɗaya ke nan. A shekara, lita 7,000 da ɗoriya! Maganinsa kuma sau da yawa 'yar roba ce da ba ta kai kuɗin biredi ba.

Amma fa ɗigo ɗin nan ya taɓa yi wa duniya rana. Wani injiniya mai suna Simcha Blass ya lura da wata bishiya da ta fi 'yan'uwanta girma nesa ba kusa ba. Da ya tona gindinta, sai ga bututu yana yoyo. Daga nan dabarar ban ruwa ta ɗigo ta samo asali, aka kafa kamfanin Netafim a hamadar Negev a 1965. A wannan tsari, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kan isa saiwa. A ban ruwan malale kuwa, wajen rabi kan salwanta a hanya. Ba kuma sai da inji ba: bokiti ko duro a kan dandamali mai tsawon mita ɗaya zuwa biyu ya isa ya shayar da fangalin alayyafo da tattasai.

Sai dai ƙofar ɗigo ba ta fi kan allura da yawa ba, ƙwayar yashi ɗaya tak ta isa ta rufe ta. Ni ganau ne! Bara na shimfiɗa bututun a bayan ɗaki, na ɗaga kafaɗa. Wata biyu, zogalen farkon layi ya yi shar, na ƙarshen layi ya yi yaushi kamar marayan kaza. Mai gyaran famfo ya zo ya kwance ƙarshen bututun, sai ga jan taɓo yana fita kamar kunun tsamiya. Ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe rabonka da wanke rariyar gindin tanki?" Na ce, "Au, wanke ta ake yi?" Dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar, duk Asabar sai na ɗauraye rariya, duk wata sai na buɗe ƙarshen layi ruwa ya yi gudu ya kore dattin.

Ko kun san tulu ma injin ban ruwa ne? A binne sabon tulu har wuya a tsakiyar shuka, a cika shi, a rufe bakinsa. Yumɓun zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali. Ƙasa ta bushe, ya ƙara. Ƙasa ta ƙoshi, ya rage. Ba wuta, ba fetur, ba mai gadi! Saiwoyi har rungumar tulun suke yi. Wani littafin noma na ƙasar Sin ya bayyana dabarar nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Wannan kuma tamu ce, ta nan Dutse! Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa, shi ya yaɗa firjin da ba ya buƙatar lantarki. Ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama. A yayyafa wa yashin ruwa sau biyu a rana, shi ke nan. Yalon da kan lalace a kwana 3 sai ya kai kwana 27! A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex mai dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta sa dabarar cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Tukunya fa!

Ku ɗaga kai ku dubi dabinon Dutse. Kun ɗauka bishiyar hamada ba ta damu da ruwa ba? Babba guda kan sha fiye da lita 100 a rana in zafi ya tsananta. Akwai namiji, akwai mace, kuma namiji ɗaya ya ishi mata gommai in an yi musu barbara da hannu. Ba banza ba cibiyar NIFOR ta kafa tasharta ta binciken dabino a Dutse.

Rufin kwanonku ma rijiya ce, a sama kawai take. Ruwan sama mai milimita 20 a kan rufi mai murabba'in mita 100, lita 2,000 ne. Jarka 80 a dare ɗaya! Sai dai a bar zubin farko ya wuce. Shi ne ke wanko ƙurar hunturu da kashin tattabaru da na ƙadangaru.

Yanzu mu shiga ɗaki, wajen randa. Kun san ruwa garai-garai kan iya kwantar da mutum? Kaurin gashin kai ɗaya ya ninka ƙwayar cutar kwalara ko ta taifot sau gommai. Dubbansu za su yi iyo a ɗigo ɗaya, ruwan na nan tas kamar hawaye. Ido ba mudu ba ne, balle ya zama madubin likita.

Tsohon zane ya fi sabo! A Bangaladash, masaniya Rita Colwell da abokan aikinta sun koya wa matan ƙauyuka ninka tsohon zanensu sau huɗu su tace ruwa da shi. Sakamakon da ya fito a 2003: kwalara ta ragu da kashi 48 cikin 100. Kusan rabi! Yawan wanki ne ke sa zaren ya yi laushi, ƙofofin su tsuke. Sharaɗi ɗaya: a ɗauraye ƙyallen bayan kowace tata, a shanya shi a rana.

Kun tuna kurkunu? Yaran yanzu sai dai labari. Tsutsa ce da kan kai mita guda, ta shekara a jikin mutum ba a sani ba, sannan ta ɓullo ta ƙafa, yawanci daidai lokacin noma. A ƙididdigar 1988, Najeriya na da masu ita sama da 650,000, babu ƙasar da ta kai ta. Ba allurar rigakafi, ba ƙwayar magani. Da me aka yaƙe ta? Da ƙyallen tata, da rijiyoyin burtsatse, da maganin kududdufi, da wayar da kai. Makiyaya har ɗan bututu mai rariya suke ratayawa a wuya su zuƙi ruwa da shi. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun sha zagaya ƙauyuka a kan haka. A Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu. A 1986 mutum miliyan uku da rabi ke fama da ita a duniya. A 2022? Mutum 13 kacal!

Zogalen da ke bayan ɗakinku fa? Ba kwaɗo kawai yake yi ba. A ɓare busasshen iri, a daka farin cikin ya yi laushi, ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya zuwa biyu. A dama, a bari awa ɗaya ko biyu. Laka ta dunƙule ta kwanta, ruwa ya washe, kamar dai an sa alif. Matan Sudan sun daɗe suna yi wa ruwan kogin Nilu haka. Amma ku riƙe wannan: washewa daban, kashe ƙwayar cuta daban. Bayan zogale ko alif, sai a tafasa ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin a jira minti 30.

Yashi ya taɓa ceton gari guda! A 1892 kwalara ta auka wa birnin Hamburg na Jamus, ta kashe mutum fiye da 8,000. Maƙwabciyarsa Altona, da titi kawai ya raba su, ta sha da sauƙi, alhali kogi ɗaya suke sha, kuma ita ce ma a gangare inda ƙazantar Hamburg ke bi. Sirrin? Altona na tace ruwanta da yashi. A matatar yashi ta gida, wani siririn yauƙi mai rai da ke taruwa a saman yashin shi ne babban ma'aikaci. Yakan ɗau kusan wata guda kafin ya ƙosa. In aka bar shi ya bushe, ya mutu. Mu da sunan jiharmu ma daga tudun yashi ya samo asali, me muke jira?

Buntun shinkafa ma na da rana! A cuɗa yumɓu da buntu ko garin katako, a gina tukunya, a gasa. Wuta ta cinye buntun, ta bar dubban 'yan hanyoyi. Wani mutumin Gwatamala, Fernando Mazariegos, ya fito da ita a 1981. Tana tace lita ɗaya zuwa uku a awa. Ga abin lura: in ta rage gudu, a goge ta da buroshi mai tsabta, ban da sabulu. In kuwa ta fara sauri ba zato, ku ji tsoronta, ta tsage! Haka ma farin kyandir ɗin da ke cikin matatar bokiti biyu.

Gawayin da ke cikin matatar kanti kuwa, abin al'ajabi ne. Giram ɗaya na da lungu da saƙon da in aka baje su za su rufe murabba'in mita 500 ko fiye. Babban cokali biyu, filin ƙwallo guda! Yana kama wari da ɗanɗanon kulorin, amma ba ya kashe cuta. In ya cika kuma aka ƙi canja shi, sai ya zama masaukin ƙwayoyin da aka saye shi don gudun su. Ku rubuta ranar da kuka sa shi a jikin robar.

Manyan injunan tata masu matse ruwa ta wata siririyar fata, irin na gidajen piya wata, kun san ƙananansu na gida kan zubar da lita 3 zuwa 4 kafin su ba da lita ɗaya ta sha? Kada a bar wannan ruwa ya bi kwata. A tare shi a yi wanki da shafe daɓe.

Ranar nan da muke kuka da ita ma likita ce. Farar robar ruwa da ba ta wuce lita 2 ba, a cika ta da ruwan da ya washe, a kwantar a kan kwano awa 6. Hasken ya gama da yawancin ƙwayoyin cuta. In da hadari ko hazo, sai kwana biyu. Kyauta!

Tankin sama fa, yaushe rabon a leƙa shi? Murfi a buɗe, haske ya shiga, gansakuka ta samu gida. A wanke shi duk wata shida. Rijiya kuma ta yi nesa da masai da aƙalla mita 30.

Na ajiye muku mafi girma a ƙarshe. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna ruwa kan baro famfo da tsabtarsa, ya zo ya ƙazantu a cikin gida. Wa ya aikata? Moɗa! Yaro ya sha, ya ajiye a ƙasa, kaza ta bi ta kai, wani ya ɗauka ya tsoma har wuyan hannu. Kakata Inna ba ta taɓa jin labarin Bangaladash ba, amma randarta na da faifai, bakinta ɗaure da farin ƙyalle, moɗarta mai doguwar mariƙa na rataye a ƙusa, kofin sha kuma daban. Ka kuskura ka kai moɗar nan baki, sai ka ji daga cikin ɗaki: "Kai ɗan nan, randar taka ce kai kaɗai?"

Yau in kun koma gida, ku duba abu uku: rariyar tanki, ƙyallen randa, da inda moɗa ta kwana. Sannan ku ba maƙwabci labari!